Layin da Ilyasu Ke Ja a Wuya

"Na ce wa yarinyar nan Josiane, 'yata, wannan ba tsagewar bango ba ce, ni na ja shi da hannuna," in ji Kawu Ilyasu, yana juya farin fenti a gwangwani da guntun kara. "Ta tsaya tana kallona kamar wanda ya ce shi yake ɓata aikinsa da gangan."

"Ai da gangan ɗin ne," Abdelkerim mai aski ya amsa daga bakin ƙofa, almakashi a hannunsa. "Tun ranar da na buɗe shagon nan kake yanka mini mutane a bango, ban taɓa kai ƙararka ba."

"Koma ka ƙarasa kan bawan Allah, mutumin Kusiri. Ka bar shi rabi gashi rabi fili."

Muna zaune ne a inuwar darbejiya, gaban shagon askin Abdelkerim a unguwar Rumde Ajiya ta Garwa, da hantsi. Kawu Ilyasu ba kawuna ba ne na jini, maƙwabcinmu ne, kuma a bakinmu muka tashi da kiransa haka. Mai zanen bango ne da allunan talla. Duk wanda ya yi yawo a Garwa ya ga aikinsa ko da bai san sunansa ba: kawunan samari a bangon masu aski, kowane da salon askinsa, giwar ruwa mai buɗaɗɗen baki a rumfar masu gasa kifi, sa mai tozo a ƙofar mahauta. In ka matso kusa za ka ga abu ɗaya a dukkansu, wato wani siririn layi baƙi da ya ratsa wuya daga wannan gefe zuwa wancan. Har kifi, da ba shi da wuyan kirki, yana da nasa a bayan kai. Mutane da yawa sun ɗauka sa hannunsa ne. Ni ma haka na ɗauka, sai da wannan abin ya faru na zauna na ji daga bakinsa.

A Bogo aka haife shi. Kakanninsa fatake ne da suka zo daga ƙasar Kano da goro da jar fata, suka ga wuri suka zauna. Mahaifinsa yadi yake sayarwa, kuma ya so ɗan ya gaje shi, amma Ilyasu ba ya zama a rumfa. Gawayi yake ɗauka ya cika bangon zaure da dawakai da tsuntsaye, a doke shi, a sa shi ya goge, washegari ya sake. Da aka gaji aka tura shi Marwa wurin wani mai fentin manyan motoci. A can ya koyi rubutu da furanni a bayan mota, daga baya aka bar shi ya yi zaki da mikiya, sannan mutum.

Yana cikin samartaka, hannunsa ya fara faɗawa, sai ya ji wa'azin da ya hana shi barci: wanda ya yi surar abu mai rai, ranar alƙiyama za a ce masa ya busa masa rai, kuma ba zai iya ba. Ya ajiye buroshi ya koma Bogo, ya zauna a rumfar yadi. Ya ce in mace ta zo sayen atamfa, furen jikin atamfar yake kallo har ta gaji ta wuce. Daga ƙarshe ya je wurin Malum Sharif, tsohon da ya koya masa karatun allo, ya faɗa masa damuwarsa.

"Ya bar ni na gama magana tsaf," in ji Kawu. "Sai ya ce, Ilyasu, wanda aka raba kansa da gangar jikinsa yana rayuwa? Na ce a'a, Malum. Ya ce to ka raba. Ka ja layi a wuya, kowa ya gani ba mai rai ka yi ba, kuma ba ka ce za ka iya ba. Na san akwai malaman da ke cewa layin bai isa ba, sun faɗa mini a gabana. Amma a kansa na tsaya. A kansa na yi aure, a kansa na ciyar da yara."

Shi ke nan abin da layin yake. Komai kyan zane, komai saurin mai aiki, ba ya sauka daga tsani sai ya ja shi. Ya ce ko fenti ya ƙare, sai ya kankare gindin gwangwani ya samu na layin.

Akwai kuma abin da mutanen unguwa ba su sani ba game da bangon Abdelkerim. Kawu yana da ƙane, Adoum, wanda yake jigilar kaya a mashin tsakanin Marwa da Mokolo, ya faɗi a wata kwana cikin damina, bai tashi ba. Ba a daɗe da rasuwar ba Abdelkerim ya buɗe shago ya ce a zana masa kawuna. Na tsakiya ya fito da fuskar Adoum, har wushiryarsa da ɗan tabon da ke saman girarsa. Kawu ya ce bai yi niyya ba, hannu ne ya tafi. Matar Kawu, Inna Aminatu, ita kaɗai ta gane. Ta zo wucewa ta gani, ta ja mayafi ta rufe baki, ta wuce gida. Duk bayan 'yan shekaru Kawu yakan zo ya sabunta fentin bangon, ya fara da na tsakiya.

Bayan damina ta bara wata budurwa ta zo nemansa. Sunanta Josiane, haifaffiyar Meiganga, ta yi karatun zane a Yawunde, kuma Fulatancinta ya fi na wasu 'yan Garwa. Ta ce ana shirya wani bikin zane-zane a gari, tana so ta yi aiki a kan masu zanen bango, domin su ne masu zanen da kowa ke gani amma ba wanda ke kallo. Ta yi ta binsa wurin aiki, tana riƙe masa tsani, tana ɗaukar hoton bango daga kowane gefe. Ta ci tuwo a gidansa, Inna Aminatu ta ɗaura mata lalle. Ta nemi izini, ya ba ta. Ta faɗi sunan abin da Faransanci, réalité augmentée, ya gyaɗa kai.

"Na ɗauka hotuna za ta manna a wani ɗaki, manya su shiga su sha lemo su fito," in ji shi. "Da na fahimta da ban gyaɗa ba. Ita ma ba ta ɓoye mini komai ba, ta ce za su rayu. Na ɗauka irin maganar 'yan boko ce."

Ga yadda abin yake, ga wanda bai gani ba. Ka sauke wata manhaja a wayarka, ka tsaya gaban bango, ka ɗaga wayar kamar za ka ɗauki hoto. A cikin wayar za ka ga bangon kamar yadda yake, ga titi, ga akuyar da ke wucewa, amma zanen ba zai tsaya wuri ɗaya ba. An ɗora masa motsi daga cikin wayar. Ka sauke hannu, bango ne kawai. Ka ɗaga, ya farka.

Ranar buɗe biki, bayan la'asar, aka taru a nan gaban shagon. Ina wurin. 'Yan makaranta da 'yan kilando masu ɗaukar fasinja a mashin sun cika titi, kowa ya ɗaga waya yana fuskantar bango kamar masu neman jinjirin wata. Josiane ta jawo Kawu gaba, sanye da sabuwar rigarsa, ta miƙa masa wayarta da hannu biyu.

Kawunan suna juyawa. Suna ƙifta ido, idon kuma da danshi. Fatar da ya shafa da fentin mai ta yi laushi tana sheƙi kamar naman da ya kwana a ruwa. Na gefe ya fito da harshe ya lashi leɓe. Na tsakiya ya juyo a hankali ya kalli mai riƙe da waya, ya buɗe wushirya, ya kashe ido ɗaya, sannan maƙogwaronsa ya hau ya sauka, yana haɗiyar yawu. Wuyan sumul yake. Babu layi a ko ɗaya. Josiane ta ɗauka tsagewa ce ko ɗigon fenti, ta bi su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta ta goge.

Wasu 'yan mata suka jera a gefen na tsakiya suna turo baki, ana ɗaukarsu bidiyo, suna cewa wannan ne saurayinsu. Kawu ya mayar wa Josiane da wayar, ya zagaya bayan shago. Na bi shi. Na same shi durƙushe bakin kwata yana amai, sabuwar rigar tana jan ƙasa.

"Yawu ne ya cika mini baki," ya ce mini yau, ya juya kai ya tofar kamar abin ya dawo. "Ka san ƙyamar da mutum ke ji in ya ɗaga murfin tukunya ya tarar da tsutsa tana motsi? To irinta. Abin da na binne da hannuna, na zuba masa ƙasa, shi ne yake kashe wa 'yan mata ido a titi. Kuma wuyansa a haɗe. Da dare Aminatu ta kawo miyar kifi, na ga kan kifin yana kallona daga kwano, na ture."

Washegari ya je wurin limamin masallacin unguwa. Liman ya saurare shi, ya ce a ganinsa ba Ilyasu ne ya motsa su ba, ba shi ya goge layin ba, kuma abin da ke cikin waya haske ne kawai, ya kwantar da hankalinsa. Kawu ya yi godiya ya fito, amma hankalin bai kwanta ba.

"Haske ne, na yarda. Amma in an tambaya wa ya yi hancin nan, wa ya yi idon nan, wayar za ta amsa? Hannuna ne. Shekara da shekaru ina cewa ba mai rai na yi ba, yanzu gari guda ya shaida yana numfashi."

Sai ya nemi Josiane ya faɗa mata labarin layin, daga Malum Sharif har zuwa Adoum. Ta ce, "Papa Ilyasu, me ya sa ba ka faɗa mini ba?" Ya ce ba ta tambaya ba, shi ma bai san abin tambaya ba ne. Ta ba shi haƙuri, ta ce za ta gyara, kuma ta cika alkawari. Ta zauna ta mayar da layin a kowane wuya, daidai inda yake.

Gyaran ya fi ɓarnar muni. Ni ma da na ɗaga wayata na gani sai da na kawar da kai. Yanzu kai yana juyawa, layin yana buɗewa kaɗan yana rufewa kamar bakin rauni, maƙogwaro yana haɗiyar yawu a ƙarƙashinsa, fuska kuma tana murmushi. Yaran unguwa suka sa masa suna Yankakke. Suna tashi daga makaranta su zo su roƙi aron waya su kalli Yankakke yana kashe ido. Layin da aka ja don a ce ba rai, ya koma yanka a wuyan mai rai.

"Na ce mata ki kashe shi gaba ɗaya. Ta ce ba a hannunta yake ba kuma, ta miƙa wa masu shirya bikin, sun ce sai an rufe biki za a sauke, bayan watanni. Ta je ta roƙe su, suka ce wannan bangon ne ya fi jan mutane." Kawu ya ɗaga karan ya duba kaurin fentin, ya ƙara ɗan kananzir. "Sai ta zauna nan inda kake zaune, ta ce, Papa, zan faɗa maka wani abu, kada ka ce ni na faɗa, ko da yake ka faɗa ma ba komai. Wayar ba bango take ganewa ba, zanen take ganewa. In zanen ya sauya sosai, za ta makance."

Aikinta na wata da watanni ne, kuma shi ne karo na farko da aka sa sunanta a babban biki. Ita ta nuna masa inda zai soke shi.

Saura mai bango. Abdelkerim ya ƙi da farko, domin tun da abin ya fara shagonsa ba ya rabuwa da mutane, wanda ya zo kallo sai ya tuna kansa ya yi gashi. Sun kwana biyu suna ja. Yanzu ma da ya sallami wanda yake yi wa aski, ya fito yana kakkaɓe tawul, ya tsaya a kanmu.

"Malam Ilyasu, ka sake tunani. Bangona ne fa."

"Bangonka ne. Tambayar tawa ce."

"To in ka shafe su me za ka zana mini? Furanni? A ɗauka lalle nake ƙunsawa?"

"Kawuna zan zana maka, amma ta ƙeya. Kowa ya juya baya. Ba ido, ba baki."

"Shago guda mutane sun juya wa titi baya, kamar masu fushi da ni."

"Kai da kake aski, ta ina kake lalata kan mutane in ba ta ƙeya ba? Can ne ba sa gani sai sun je gida matansu sun yi dariya. In aka ga ƙeya mai kyau a bangonka, wataƙila a yarda da kai."

Abdelkerim ya yi tsaki, ya ɗaga ido ya kalli kan tsakiya. Tun shekaranjiya ya san ko fuskar wane ne, Inna Aminatu ce ta aiko masa da maganar. Ya ninke tawul ɗin ya saɓa a kafaɗa.

"Ka sa wa na gefe tsaga mai kyau," ya ce, ya koma ciki.

Kawu ya jingina tsani ya hau. Ya fara da na gefe, ya shafe su da faffaɗan buroshi, sama da ƙasa, ba tare da ya tsaya ba. Da ya zo na tsakiya ya dakata. Ya sa babban yatsa ya goge ƙurar da ke kan tabon gira, kamar mai share wa yaro fuska. Na ga yana motsa baki, ban ji abin da ya ce ba. Sannan ya tsoma buroshi ya fara daga goshi. Wushiryar ce ta ƙarshe da ta ɓace, sai da ya maimaita mata shafi, domin farin haƙori yana ta leƙowa ta cikin farin fenti.

Yana saukowa Josiane ta iso a bayan ɗan kilando. Ta gaishe shi da Fulatanci, ta tsaya tsakiyar titi ta ɗaga wayarta. Ta matsa hagu, ta matsa dama, ta matso kusa. Na leƙa ta gefen kafaɗarta. Farin bango ne jiƙe, da inuwar darbejiya a kansa.

"Ta makance," ta ce, ta sauke hannu. Sannan ta ƙara da cewa, "Papa, ka san ba wulaƙanci na nufa ba. Ruwa yana wanke zanenku, a rushe bango a yi sabon gini, ba wanda zai tuna. Na so yara su tsaya su kalla."

"Sun tsaya, 'yar Meiganga. Tun da nake zane ba a taɓa taruwa a gaban bangona ba sai da kika zo, wannan gaskiya ne." Ya goge hannu da tsumma. "Amma ba zanena suka zo kallo ba, Yankakke suka zo kallo. In kina so, ki dawo in na gama ƙeyoyin, ki ɗauka. Ki sa furanni su fito daga bango, ki sa tsuntsu, a'a, bar tsuntsu. Ki sa ruwan Binuwai ya gudana a kai. Abin da ba ya haɗiyar yawu."

Ta yi 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa. Ta ce za ta yi tunani.

Bidiyon da mutane suka riga suka ɗauka yana nan a wayoyinsu, ana tura wa juna har Marwa da Kusiri. Na tuna masa wannan, don kada ya ji daga bakin wani. Ya ce ya sani, kuma ya san wata rana zai zauna a mota wani ya buɗe waya a gefensa ya ga Adoum. Ya sake tofar da yawu, ya taka da takalmi. Ya ce wanda ke bango shi ne nasa, shi zai iya kaiwa da tsani.

Ya danne murfin gwangwani da diddige, ya naɗe buroshi a leda. Bangon sai ya bushe kafin a yi zane, sai gobe. Amma Josiane ba wannan bangon kaɗai ta ɗauka ba. Akwai san mahauta da ke tuƙa, akwai matan bangon teloli da ke gyara ɗankwali, akwai giwar ruwan Hassana mai gasa kifi a unguwar Yelwa, wadda take buɗe baki tana rufewa a wayoyin mutane yayin da suke cin 'yar'uwarta a faranti. Hassana ta ce ya zo kafin azahar, kafin ta hura gawayi.

Abdelkerim ya leƙo. "Shi kuma kifin ta ƙeya za ka zana shi?"

"Gasasshe zan zana shi, a tire, da albasa da yaji. In waya ta iya tayar da wannan, sai in koma sayar da yadi."

Ya saɓa tsani a kafaɗa, ya ɗauki gwangwani a ɗaya hannun, ya tsallaka kwata ya bi bakin titi ya nufi Yelwa.